Ragon suna mun tanada, jinin mai haihuwa fa?

Jiya aka yi kwana bakwai da rasuwar matar wani maƙwabcina a nan Garwa ta Kamaru, jiyan kuma aka yi sunan 'yar da ta bari. Tabarma ɗaya aka shimfiɗa wa taro biyu. Da sassafe liman ya raɗa suna aka yanka rago aka raba goro, kafin hantsi ya ɗaga kuma an juya ana addu'ar bakwai. Mutum zai shigo ya tsaya bakin zaure ya rasa da wacce zai fara, barka ko gaisuwa, sai ka ji ya ce "Allah ya raya" can ƙasa-ƙasa, sannan ya ɗora da "Allah ya jiƙanta da rahama".

Ragon nan da aka yanka na san shi sarai. Tun cikin yana wata biyar maigidan ya sayo shi a kasuwar Pitowa, jaka 70, wato sefa dubu 70, ya ɗaure shi gindin darbejiyar tsakar gida, kullum dusa da harawa, ranar Juma'a har wanka yara suke masa. Duk wanda ya shiga gidan sai an nuna masa. Atamfar fitar suna ma an ɗinka tana cikin akwati.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutun, maganar wani dattijo ce a kan tabarmar nan. Cewa ya yi, "Kwana ne ya ƙare, wannan ko Faransa aka kai ta sai ta tafi." Kowa ya gyaɗa kai. Ni ma ban ce uffan ba, wurin gaisuwa ai ba wurin musu ba ne, ga mijin zaune idonsa ya yi ja wur. Amma maganar ta tsaya min a wuya har na kasa taɓa naman, don ni na ga karnen awonta, wato littafin awon cikinta, da idona.

Ƙanwar marigayiyar ce ta kawo wa mai ɗakina, ta ce dan Allah Yaya ki ba Malam ya duba mana me aka rubuta a nan, tunda shi yana jin Faransanci. Ɗan littafi ne cikin baƙar leda, gefensa duk ya sha mai. Sau uku ta je awo. Zuwan farko lafiya lau. Na biyu tansiyo, wato awon hawan jini, 14/9. Na uku, sati uku kafin ta rasu, 16/10, kuma an gwada fitsarinta an ga abin da suke cewa albumin, wani sinadari da bai kamata a gan shi a fitsari ba. Sajfam ɗin, wato ungozomar asibiti, ta ja layi biyu da jan biro, ta rubuta a wuce da ita babban asibiti a ranar. Takardar turawar tana nan a ninke a tsakiyar karnen yadda aka ba ta.

Toh ni dai ga inda na tsaya. Da yawa daga cikin abin da yake kashe mana mata wajen ciki da haihuwa yana yin sallama kafin ya shigo, wani wata guda, wani wata biyu. Kuma abubuwan da ake buƙata a tare shi, wato izinin fita da kuɗi da abin hawa, duk a hannun mu maza suke. Don haka ina ganin duk namijin da matarsa ta ɗauki ciki, wajibi ne ya ba ta izinin zuwa asibiti tun ranar, izini ɗaya da zai kai ta har arba'in, ko yana gari ko ba ya gari, ko dare ko rana, ya kuma bar kuɗin mota a hannunta ita kanta. Wanda bai yi haka ba ya je ya sayo rago, ya fara gini ne daga rufi.

Bari in faɗi yadda abin ya tafi, don na san ba gidan kaɗai ba ne.

Da ta dawo awo ta gaya wa uwar mijin, shi maigidan lokacin ya yi lodin albasa ya yi kudu. Uwar miji ta ce a bari ya dawo, ba a ɗaukar matar mutum a kai babban asibiti ba ya nan. Aka kira shi ya ce yana hanya, in ya iso za a je. Ya iso, kuɗin albasa ba su fito ba, ita kuma ga ta tana shara tana tuwo, sai kowa ya ga ai garau take. Ƙafa ta kumbura aka ce cikin namiji ne. Fuska da hannu suka kumbura har zobe ya ƙi fita aka ce zaƙi ne, aka jiƙa mata maganin zaƙi. Ta ce kanta yana sara kamar zai tsage, idonta yana ganin wasu ƙyalli-ƙyalli, aka aiki yaro ya sayo parasitamol wajen mai tebur.

Daren da ta faɗi, wajen ƙarfe 1 ne, ta hau jijjiga tana taunar harshe kumfa na fita. Aka ce iska ce. Aka hura garwashi aka zuba hayaƙi, aka taso malami ya yi tofi. Ta lafa, ta sake. Sai a ta uku aka fara neman mota, unguwa kuma babu kowa sai masu moto, mai jijjiga kuwa ta yaya za ka ɗora ta a moto? Ƙarfe 4 saura aka buga min ƙofa, na kira wani abokina mai mota ya taso daga can wata unguwa. Ana kiran assalatu suka isa. Aka yi operasiyo, wato tiyata, aka ciro yarinya da ranta, uwar ba ta farfaɗo ba, kafin la'asar ta cika.

Wannan ciwo fa sananne ne, babu sajfam ɗin da ba ta san shi ba. Hawan jini ne da ciki yake kawowa bayan ya wuce sati 20, ko da mace ba ta taɓa yin hawan jini ba a rayuwarta. Daga 14/9 ake fara sa ido. In aka bar shi sai ya taɓa ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa, shi ne za ka ga kumburin fuska, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ciwo a saman ciki ƙasan haƙarƙari, ƙarshe jijjiga. A asibiti ana sauke jinin da magani, akwai allurar da ake kira magneziyom salfet mai hana jijjigar, kuma ba wata allura ce mai tsada ba, in abin ya yi tsanani sai a raba uwa da ciki ko da watan bai cika ba, don haihuwar ce maganinsa na gaskiya. Sati uku cur matar nan tana da wannan damar.

"Kwana ne ya ƙare"

Na yi imani da ajali, babu ran da zai ƙara daƙiƙa ɗaya a kan abin da aka rubuta masa. Kuma bayan an riga an yi rashi, maganar nan tana sanyaya zuciyar wanda aka yi wa. Inda nake da ja shi ne yadda muke ɗaukar ta mu rufe bakin tambaya da ita, har a sake yin irin kuskuren a gidan gaba.

Wanda ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ai ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da mutanensa, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake? Ya ce eh, daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Duk mun san wannan, muna ji a wa'azi. Kuma muna aiki da shi a ko'ina: shagonmu kwaɗo biyu muke sa masa, saniya ta ƙi cin ciyawa kafin azahar an nemo mai allurar dabbobi. Sai a kan mace mai ciki ne kawai hannunmu yake mutuwa.

Ga lissafi ma. Binciken lafiyar iyali da gwamnatin Kamaru ta yi a 2011 ya nuna mata 782 ne ke mutuwa a cikin haihuwa 100,000. Na 2018 ya nuna 406. A maƙwabtanmu Chadi binciken 2014 zuwa 2015 ya ba da 860. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 mata kusan 260,000 suka rasu a dalilin ciki da haihuwa, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari a nan Afirka kudu da Sahara suke. Abin da yake sauka in an ƙara awo da ungozomomin asibiti da jini, ya hau in babu su, ai kowa ya san yana da sababi, kuma Allah ne ya halicci sababin ya ce mu riƙe shi.

"Iyayenmu goma-goma suka haifa a ɗaka"

Gaskiya ne. Innata tara ta haifa, duk a ɗaka, a durƙushe. Amma ka je ka zauna da taka innar wata rana ka ce ta lissafo maka ƙawayenta na 'yanmatanci da suka tafi wajen haihuwa. Ni na tambayi tawa, ta fara ƙirgawa da yatsu, ta kai kan yayarta uwa ɗaya uba ɗaya sai ta yi shiru ta kama gyaran kallabi. Waɗanda suka rayu su muke gani su muke misali da su, waɗanda suka tafi ba sa nan bare su ba da nasu labarin. Ka duba unguwarku ka ga mutum nawa suka tashi a hannun kishiyar uwa ko gwaggo.

Ban ce kowane ciki ciwo ba ne. Yawanci lafiya ake sauka, alhamdu lillahi. Amfanin awo shi ne a tsince wadda cikinta ke da haɗari daga cikin sauran tun da wuri. Yarinya 'yar 14 ko 15 da ƙugunta bai gama buɗewa ba tana ciki, haka wadda ta haura 35, da wadda ta yi haihuwa biyar ko fiye, don mahaifa tana gajiya, kuma su ne muka fi sakaci da su wai ai sun saba. Mai tagwaye, mai sikila, mai ciwon suga, mai hawan jini tun asali, wadda aka taɓa yi wa operasiyo, wadda ta taɓa haifar ɗa ba rai ko ta yi jijjiga a cikin baya. Sai abin da ido ba ya gani sai an yi ekografi, wato hoton ciki, kamar ɗa ya kwanta a gicciye, ko mabiyiya ta sauko ta tare masa hanya. Irin waɗannan bai kamata naƙuda ta same su nesa da inda ake iya yin aiki a ƙara jini ba.

Amma mu sai ciki ya kai wata shida ko bakwai ake fara zuwa, musamman cikin fari, wai kunya, wai kar a sani baki ya kama. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a ga ma'aikacin lafiya sau takwas, na farko kafin ciki ya wuce sati 12. Kuma abubuwan da ake bayarwa a wurin ba na wasa ba ne. Fansida ɗin nan da ake sa mace ta haɗiya a gaban nas daga wata na huɗu, ita ke kare ta daga zazzaɓin sauro, mu da muke bakin Binuwai mun san me damina take yi mana. Jar ƙwayar ƙarin jini kuwa na sha jin mata suna zubarwa a masai wai tana sa ɗa ya yi ƙato haihuwa ta yi wuya. Wallahi ba haka ba ne. Macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, ɗan zubar da wata za ta jure ita sai ya kwantar da ita.

Zubar jinin nan kuwa shi ne babban mai kisa, kuma shi kam yana iya zuwa wa wadda ta yi awonta duka lafiya. Rabin lita aka ɗauka a matsayin iyaka, cikin ƙaramar robar ruwan sha kenan. In mahaifa ta ƙi tsukewa bayan haihuwa, mace mai ƙarfi tana iya tafiya cikin awa biyu. Ina girmama ungozomominmu na gida, hannunsu ne ya karɓe mu, amma ungozoma ba ta da allurar tsuke mahaifa, ba ta da ledar jini, abin da za ta iya shi ne ta canja zani ta ce jinin banza ne yake fita. Binciken 2018 ɗin nan ya nuna a jihar Arewa da Arewa Mai Nisa fiye da rabin mata a gida suke haihuwa.

"Su dai burinsu su yanka mutum"

Wannan kam ni da bakina na taɓa faɗa, don haka ba zan zagi mai faɗa ba.

Haihuwar mai ɗakina ta huɗu, ɗa ya zo a gicciye. An gaya mana tun a wata takwas, na ce haba, uku ta haifa da kanta, zai juya. Bai juya ba. Ranar naƙuda hannu ne ya fara fitowa. Likita ya miƙo min takarda ya ce sa hannu yanzu, ni kuma na fita waje na kira Yayana, ya ce kar in yarda tukuna a kira Baffa, Baffa wayarsa a kashe. Ina tsaye gindin wata bishiya ina ta danna waya, ina jiyo muryarta ta taga tana kiran sunan Allah, muryar tana raguwa. Na ci kusan minti 40 a haka. Wata tsohuwar nas ce ta fito ta tsaya gabana ta ce min da Fulatanci, Malam, in ka ƙara jira gawa biyu za ka ɗauka. Na sa hannu, biron yana zamewa don gumi.

Bayan aiki aka ce tana buƙatar jini leda biyu, kuma in kawo masu bayarwa. Ƙarfe 11 na dare. Ban san rukunin jinina ba, ban san nata ba, shekara goma sha ɗaya muna tare. Na kira mutum ya kai goma, wannan ya ce bai ci abinci ba, wancan ya ce shi an ce in aka ɗebi jinin namiji ƙarfinsa ba ya dawowa. Wani yaron shagona da wani mai moto da ban taɓa gani ba sai a daren, su suka bayar. Allah ya tashi kafaɗarta, ɗan da aka ciro yanzu yana aji uku. Amma har gobe in na tuna minti 40 ɗin nan jikina sanyi yake yi, don da ta tafi, ni ma cewa za a yi kwana ne ya ƙare, kuma da na karɓa na yi shiru.

Maganar ƙarfin namiji kuwa babu ita. Leda ɗaya ba ta kai rabin lita ba, jiki yana mayar da ita, mai lafiya yana iya sake bayarwa bayan wata uku.

Ba zan rantse cewa babu inda ake yin aiki don kuɗi ba. Amma wanda na fi gani da idona shi ne akasin haka, a bar mace kwana biyu tana naƙuda a ɗaka, kan ɗa ya danne mafitsara har naman wurin ya mutu, a ƙarshe ɗa ba rai uwa kuma da yoyon fitsari, mijin da ya hana a yi aikin shi ne kuma zai fara ƙyamar ɗakinta. Ga masu bin gida-gida da jaka suna yi wa mata allurar naƙuda ba tare da sun san yadda ɗa ya kwanta ba, mahaifa ta yi ta matsawa ba hanya har ta fashe. Duk wadda aka taɓa yi wa operasiyo, dan Allah kar wani ya kusance ta da wannan allurar a gida.

"Babu kuɗi"

Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Akwai gidan da abin da za a ci da dare ma sai an fita nema. Amma a nan Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, tun 2015 akwai shek sante, wata takardar kula da mai ciki da ake saya, wanda gwamnati ta kawo da tallafin Faransa da Jamus. Jaka 6 ake saya. Yana ɗaukar awo da ekografi da haihuwa, har operasiyo in ta kama, da kula da uwa da jariri zuwa kwana 42 bayan haihuwa, a asibitocin da ke cikin tsarin. Na san wani lokaci za ka je a ce maganin kaza ya ƙare je ka sayo a farmasi, wannan yana faruwa, amma duk da haka bambancin mai shek da marar shi ranar da abu ya rikice ba kaɗan ba ne.

Jaka 6 da jaka 70. Ban kawo wannan don in tozarta maƙwabcina ba, mutumin kirki ne kuma yana son matarsa, na ga kukansa. Al'adarmu ce ta koya mana cewa rashin ragon suna abin kunya ne da duk gari zai sani, rashin kuɗin mota da tsakar dare kuwa babu mai yi maka gori a kai. Yanka sunna ce mai kyau, amma malamai sun ce wanda bai samu iko ba babu laifi a kansa. Matanmu suna adashin kayan suna da na biki, mu ma muna da tontin a kasuwa, me zai hana a ware na ranar haihuwa? Masallacin unguwa da yake iya tara kuɗin janareto zai iya riƙe lambar mutum biyu masu mota da sunan samari goma da suka san rukunin jininsu.

Asibiti da hukuma ma suna da nasu

In na tsaya a kan maza kaɗai ban yi adalci ba. Mata da yawa ba don jahilci suke gudun matanite, wato ɗakin haihuwa na asibiti, ba, wulaƙanci suke gudu. Mace tana cikin ciwo a daka mata tsawa, a yi mata Faransancin da ba ta ji, a buɗe ta gaban mutane ba labule. Wadda aka yi wa haka sau ɗaya, ko ɗaure ta ka yi ba za ta koma ba, kuma za ta gaya wa goma. Masu cewa ba sa son namiji ya duba matarsu su ma ina fahimtarsu, kuma inda akwai mace a nemi mace, amma in rai yana hannun Allah yana hannun wanda ke tsaye a wurin, malamanmu ba su yi saɓani ba cewa lalura tana halatta.

Ita kanta sajfam ɗin da ta ja jan layin, ta yi aikinta a takarda, amma ina ta tambayar kaina, da ta zaunar da matar nan ta ce mata da Hausa ko Fulatanci, ke wannan ciwon yana kashewa, ba ni lambar mijinki in gaya masa da kaina, da ba a kai ga haka ba? Rubutun jan biro ga gidan da babu mai karanta shi, me ya tsare? Kira ɗaya ne fa. Na san su ma suna da yawan aiki, mutum ɗaya mata hamsin a layi, shi ya sa laifin yake komawa sama.

Don akwai ƙananan asibitocin ƙauye da abin awon tansiyo ma ya lalace. Allurar oksitosin da ake tsayar da jini da ita sanyi take so, mu kuma a watan Maris da Afrilu zafi yana wuce 40, wuta tana ɗaukewa yadda ta ga dama, toh allurar da ta kwana a firji marar wuta wa zai ce tana aiki? A watan Agusta in kogi ya cika, ƙauye guda sai ya yanke da duniya, mai naƙuda a ɗauko ta a amalanke a tsaya bakin ruwa ana kallo. Ga shi abubuwan ceton ba duka ne masu tsada ba. A 2023 an fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi a asibitocin Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, inda ake shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke nuna yawan jinin da ya zuba, da ya kai iyaka sai a haɗa mata magungunan gaba ɗaya ba a jira ba, aka ga zubar jini mai tsanani ta ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Leda ce fa. Wannan ya kamata mu riƙa tambayar masu zuwa neman ƙuri'armu.

Sai bayan haihuwa, inda kowa yake sakin jiki da zarar an ji kukan jariri. Jijjiga tana iya zuwa bayan an sauka, zazzaɓin da ke biyo bayan haihuwa da wari ma yana kisa. Wadda ta yi hawan jini a ciki sai a kama ta da kunun kanwa safe da yamma, kanwa kuwa gishiri ce, ga ruwan wanka mai tafasa, in ta ce numfashinta yana sama-sama a ce ragwanta ce. A mayar da ita a auna ta. Kuma a bar ta ta huta kafin wani cikin, likitoci shekara biyu suke cewa, Alƙur'ani ma shekara biyu cikakku ya ambata na shayarwa. Kwanika a kan jikin da bai mayar da jininsa ba ita ce take kai mace cikin layin masu haɗari tun kafin ta je awon farko.

Na dawo kan izini, don shi ne ba ya cin ko dala. Na san wani zai ce toh ai sai mata su riƙa fita yadda suka ga dama da sunan asibiti. Matar da ka amince mata da gidanka da 'ya'yanka da tukunyarka, ba za ka amince mata da ranta ba? Kuma izinin kar ya tsaya tsakaninka da ita a ɗaka. A gaban mahaifiyarka za ka faɗa, da ladabi, ka ce Inna, in ba na nan aka ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska, ko zazzaɓi, ko faya ta fashe ba naƙuda, ko ɗa ya daina motsi, a tafi kawai, na yafe jira, ko a hanya a kira ni. Uwar mijin marigayiyar nan ba mugunta ta yi ba, tsoro ta ji kar ɗanta ya dawo ya ce an yi masa gaban kai. Da ya taɓa furta wannan maganar a gabanta ko sau ɗaya, da ita za ta fara ɗaukar mayafi.

Matar ƙanena yanzu tana da ciki wata biyar, ekografi ya nuna biyu ne. Daren jiya bayan an watse daga gidan gaisuwar na wuce wajensa, na same shi yana lissafin raguna biyu. Na ce ya ajiye wannan tukuna. Mun sayi shek ɗin tun wancan watan, na karɓo lambar abokina mai mota na sa matar ta adana a wayarta, ya kuma shiga ya faɗa wa Inna abin da na ce ya faɗa, ina tsaye. Ranar Alhamis da safe ni da shi da yaran shago biyu za mu je a gwada rukunin jininmu.